Neman Asali: Ingila ta Rubuta, Adar ta Haddace

A ƙasar Ingila, idan mutum ya ajiye aiki yana da sauran ƙarfi, sau da yawa abin da yake sa wa gaba shi ne neman asalin gidansu. Yakan fara da takardar haihuwarsa, ya koma ga ta ubansa, daga nan ga ta kakansa, yana ja da baya tsara bayan tsara, har wani ya kai ga kakan da ya rayu shekara 400 da suka wuce, da sunansa, da na matarsa, da ƙauyen da aka binne shi. Galibi sha'awa ce kawai ke kai shi, domin babu gona ko rawani da yake jira a ƙarshen binciken. A Adar kuwa, daga Garhanga zuwa Keita, daga Buza zuwa Madawa, tambayar "ɗan wane ne?" tana da nauyin da ya wuce sha'awa. Da amsarta ake riƙe gona ko a rasa ta, da ita ake shiga takarar sarauta, da ita ake ba da aure ko a hana, kuma da ita ne yaron da aka haifa a Abijan ko a Kano yake samun takardar shaidar zama ɗan Nijar. Saboda haka yana da kyau a dubi yadda Turawan Ingila suke nasu binciken, sannan a auna abin da ke hannun mutanen Adar.

Dokar sarki ce ta ba Ingila wannan dama. A 1538, zamanin Sarki Henri na 8, wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umurni cewa kowane limamin coci ya riƙa rubuta sunan duk wanda aka yi wa baftisma, da duk wanda aka ɗaura wa aure, da duk wanda aka binne a yankinsa, a ajiye littafin cikin akwati mai makulli biyu. Talakawa ba su yi murna ba, domin sun ɗauka dabara ce ta aza musu sabon haraji. Wanda ya san yadda kakanni a ƙasar nan suka riƙa ɓoye ƴaƴansu ranar ƙidaya ba zai yi musu dariya ba. A 1598 aka ƙara da cewa a kwafe tsofaffin littattafan bisa fata, tun da takarda tana ruɓewa, kuma a riƙa aika wa bishop kwafi kowace shekara. Wannan kwafi na biyu ya ceci zuriyoyi masu yawa, domin inda gobara ko ɓera suka ci na ƙauye, na birni ya tsira. Faransa ta yi irin tata dokar a 1539, a 1792 kuma ta karɓe littattafan daga hannun coci ta ba hukumar gari. Ingila ba ta kafa nata ofishin rubuta haihuwa da aure da mutuwa ba sai a 1837, kuma daga ƙidayar 1841 aka fara rubuta sunan kowa gida-gida.

To amma littafin coci shi kaɗai yakan ɓad da mai bincike. Zai ce an haifi wani Jon ɗan Jon, alhali a ƙauyen akwai masu wannan suna uku a zamani guda. Wasiyya ce ke raba gardama. Mai barin duniya yakan ambaci ƴaƴansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce gida na wane ne, saniya ta wance ce matar wane, har jikoki da ƙanne su fito, sai takarda guda ta ɗaure tsara uku wuri ɗaya. Kafin 1858 kotunan coci ne ke tabbatar da wasiyya, kuma na babbar kotun Canterbury, waɗanda suka faro tun 1384, suna nan ajiye a gidan takardun ƙasa da ke Kew, gefen birnin Landan. Can ne wasiyyar marubucin nan Shakespeare take, ta 1616, inda ya bar wa matarsa gadon kwanansa na biyu a kyau. Bahaushe zai ce abin da ta samu cikin gado, gado ne. Duk da haka, kada a ɗauka kowa ya fito cikin waɗannan takardu. Matalauci ba ya da abin yi wa wasiyya. Matar aure, kafin dokar 1882, ba ta iya yin tata sai da yardar miji. Yaƙin basasar da aka yi daga 1642 ya bar giɓi a littattafan ƙauyuka da dama. Abin da ya fi taimakon Bature shi ne sunan gida da ba ya canzawa tun ƙarnuka da suka wuce. Sunan da ya fi yawa a ƙasar, Smith, ma'anarsa maƙeri.

Nan ne hanyar Adar ta rabu da ta Ingila. Bahaushe sunan ubansa yake ɗauka, ɗansa kuma ya ɗauki nasa, sunan kaka ya faɗi. Abdu Isa ya haifi Sani Abdu, Sani Abdu ya haifi Musa Sani, ga tsara uku ke nan, kuma babu abin da ya haɗa na farko da na ukun a bisa takarda. Ga kuma sunayen rana da na kunya. Wanda aka raɗa wa Mahamadu, gari duka Ɗanladi ya san shi. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, mace ba ta faɗin na mijinta, wanda aka mayar wa sunan kakansa sai a kira shi da wani laƙabi har ya tsufa. Da magatakardan Nasara ya zo, ya rubuta abin da kunnensa ya ji ta bakin tafinta, shi ya sa mutum guda yake zama Mahamadou a wata takarda, Mahaman a wata, Maman a ta uku. Ma'aikacin da ya taɓa haɗa takardun fansho na marigayi ya san abin da harafi ɗaya ke jawo wa marayu.

Takardun farko da suka ɗauki sunayen talakawan Adar na lanho ne. Faransawa sun zauna a Tawa tun farkon ƙarni na 20, suka yanka ƙasar kanto-kanto, Keita da Tamaske da Garhanga da sauransu, kuma kwamanda ko mataimakinsa yakan fita rangadi yana ƙidaya: maigida, matansa, ƴaƴansa, dabbobinsa. Wannan shi ne mafi kusa da littafin cocin Ingila, sai dai mai bincike ya tuna dalilin da ya sa aka rubuta shi. Da shi ake aza haraji, da shi ake ɗibar soja da ƴan lakkwal, da shi ake kama mutane aikin dole har zuwa 1946 da aka soke shi. Duk wanda ya iya rage ƴaƴansa ya rage. Shekarun da ke ciki kuwa na ido ne, a dubi yaro a ce ya kai bakwai, daga nan aka gaji "né vers" da ke bisa takardun iyaye har yau, da tarin mutanen da aka ce duk ranar 1 ga Janairu aka haife su. Akwai kuma littafin soja na waɗanda suka yi yaƙin Faransa, wanda ke ɗauke da sunan uwa da na uba da na ƙauye, ga rahotannin rangadi da bayanan da kwamandoji suka rubuta kan tarihin kowane yanki, waɗanda ake samu a gidan takardun ƙasa a Yamai, wasu a Dakar, wasu a Aix-en-Provence. Waɗannan sun fi amfani ga gidajen sarauta, domin Bature bai cika rubuta asalin kowa ba sai na wanda zai naɗa ko zai tuɓe.

Bayan samun mulkin kai ma ba a yi saurin cike giɓin ba. An yi dokar rubuta haihuwa da aure da mutuwa a 1985, aka sake ta a 2007, aka kuma sake a 2019. Binciken lafiyar iyali na 2006 ya nuna kashi 32 cikin 100 ne kawai na ƙananan yara aka rubuta haihuwarsu, na 2012 ya nuna kashi 64. Ma'ana, mafi yawan waɗanda suka haura shekara 30 a karkara, takardarsu ta gidan shari'a ce, wadda aka yi daga baya bisa shaidar mutane. Takarda ce ta gaskiya a idon doka, amma mai neman asali ya san cewa baki ne ya faɗa, alƙalami ya bi.

Wasiyya kuwa, addini ya riga ya taƙaita ta. Musulmi ba ya yin wasiyya da abin da ya wuce sulusin dukiyarsa, ba ya kuma yin ta ga magaji, saura rabo ne da Alkur'ani ya yanka. Don haka ba za a tarar da tarin wasiyyoyi irin na Kew a Adar ba. Amma rabon gadon da kansa bincike ne na asali, wanda ya fi na Ingila tsanani. Malamin da zai raba ba ya taɓa ko zangarniya guda sai an lissafa masa magada: mata nawa, ƴaƴa maza nawa, mata nawa, uwa ko uba na raye, wane ne shaƙiƙi, wane ne ɗan uba, wa ya riga mamacin tafiya. Kuskure ɗaya cin haƙƙi ne. Abin takaici, ana gamawa a shafa fatiha a watse, ba kasafai ake rubutawa ba. Inda aka rubuta, da Larabci ko da ajami, takardar tana cikin gafakar malamin ko cikin adakar wata tsohuwa, kuma wasu malamai sukan rubuta ranar haihuwar ƴaƴansu a gefen littattafansu. Ɗan kasuwar da ke da irin wannan takarda a gidansu yana da abin da ya fi rasit ɗin kanti daraja, gara kuwa ba ta san haka ba. A Yamai, cibiyar bincike ta IRSH tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, wanda tushensa tarin da marigayi Bubu Hama ya fara. Masu albashi su ne suka fi barin sawu, domin ba a biyan haƙƙin marigayi sai da takardar taron dangi da ta shaidar magada daga gidan shari'a, inda tun dokar 1962 aka bar gado a hannun al'adar masu shari'ar.

Abin da Adar ta rasa a takarda, ta adana mai yawa a ka. Maroƙi da makaɗin fada suna jero kakannin sarki cikin kirari. Maƙera, mahauta, wanzamai da masaƙa sun san gidan da suka gaji sana'a. Askar fuska tana faɗin dangi. Abin da wani gida ba ya ci ko ba ya taɓawa yana nuna tushen da Musulunci ya tarar. Masana sun yi aiki da wannan taska. A 1975 aka buga littattafai biyu cikin jerin Études nigériennes: na Djibo Hamani kan Adar kafin zuwan Nasara, da na Nicole Echard kan tarihin manoman Adar kamar yadda su da kansu suke riwaito shi, ƙauye-ƙauye. A 2015 Benedetta Rossi ta fitar da nata da Ingilishi, kan bauta da aikin ƙarfi da taimakon ƙasashen waje a yankin Keita. Mai neman asalinsa a wannan yanki da bai leƙa waɗannan ba, ya bar rijiya a ƙofar gida ya tafi neman ruwa a tudu.

Sai dai baki yana da nasa halin, kuma lissafi kaɗan yana tona shi. Tarihin Agadas, wanda aka rubuta da Larabci, ya nuna Agabba ɗan Sarki Muhammadu al-Mubarak ya ci Adar daga hannun Kabi a 1674, kuma daga gare shi ne sarautar Sarkin Adar da ke Illela ta samo tushe. Lisawan, waɗanda sarautar Keita ke hannunsu, riwaya ta ce tare da shi suka zo. Daga 1674 zuwa yau shekara 350 ke nan da ƴan kai. Idan aka ba kowace tsara shekara 30, ana bukatar sunaye 11 ko 12 kafin a kai can. Wanda ya jero kakanni shida ya ce na shidan tare da Agabba ya zo, to rabin sunayen sun zube a hanya. Haka ƙwaƙwalwa take: tana riƙe na kusa, tana riƙe wanda ya sari gari, na tsakiya su narke. Wani lokaci kuma wa da ƙane da suka gaji juna sai su koma uba da ɗa. Sannan ga son asali mai nisa. Gidan sarautar Agadas da na Adar ana kiran su Istambulawa, Gobirawa suna duban Masar, Daura tana duban Bagadaza. Turawan Ingila ma ba su kuɓuta ba, domin attajiransu da yawa sun biya kuɗi an ƙaga musu kakan da ya zo tare da mayaƙan Normandi a 1066.

Maganin wannan, Bature ya same shi tuntuni, kuma ba ya bukatar coci: a fara daga mai rai a koma baya, kada a fara daga shahararren kaka a sauko, kada a karɓi tsara sai da shaida biyu da ba su ji daga bakin juna ba. A Adar shaida ta biyu sau da yawa tsohuwa ce. Maza suna jero maza, mata ne suka san wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo amarya, wane ne agola, wane ne aka ba riƙo. Ana tambayarsu dabam-dabam, ba a gaban maigari ba. Shekara kuwa ana kamo ta da abin da ya faru: wucewar ayarin Voulet da Chanoine ta Birnin Ƙonni a 1899, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917, soke aikin dole, zaɓen raba gardama na 1958, farin 1973, El Buhari ta 1984. Tsohuwar da ba ta san shekarunta ba ta san ko da goyo ta ga Kakalaba uwarta, ko da budurci. Wayar hannu da ke aljihun kowane ɗan kasuwa tana ɗaukar murya, abin da Echard da Hamani sai da suka yi dakon na'ura kafin su samu.

Akwai wurin da ya kamata mai bincike ya taka a hankali, kuma ɓoye shi rashin gaskiya ne. Adar ƙasa ce da aka yi bauta a cikinta. Dokar Faransa ta 1905 ta hana ta a takarda, Nijar ta mai da ita babban laifi a 2003, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatu Mani, daga yankin Ƙonni, gaskiya a kan gwamnati. Duk da haka har yanzu akwai gidajen da ake hana wa aure ko limanci saboda abin da aka ce kakansu ne. Iyalai da yawa sun bar garinsu, sun canza harshe daga Buzanci zuwa Hausa, sun gina sabon suna da guminsu a Jos ko Abijan, kuma shirun da tsofaffinsu ke yi kan wata tsara da gangan ne. Baturen da ya gano kakansa ɗan kurkuku ne da aka kora zuwa Ostireliya, yau alfahari yake yi. A nan irin wannan ganowa tana iya warware baiko. Kaza mai yawan tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta, in ji masu magana. Amma mafi muni shi ne wanda ke tono wuƙar yanka maƙwabcinsa. Mutum yana da ikon neman nasa asalin. Ma'aikacin da ya yi amfani da tsofaffin takardun bariki don ya kunyata wani gida, ko ɗan takarar da ya ɗauko su don ya kayar da abokin hamayya, ya ci amanar takardun.

Inda binciken ya zama dole shi ne gona. A ƙasar duwatsu irin Garhanga, inda fadama ba ta da yawa, mutane kuwa suna ƙaruwa, gonar da kaka ya ba da aro ko jingina shekara 70 da suka wuce, jikokin mai aro suna ganin gado ce, jikokin mai gona kuma suna can cin rani. Tun daga 1984 da aikin raya karkara na Keita ya fara farfaɗo da fako da kuɗin Italiya, mata ne kuma suka yi mafi yawan dakon duwatsun, wuraren da a da babu mai waiwaya suka sami daraja, tambayar wa ya fara sarar wurin ta taso. Dokar karkara ta 1993 ta yarda da mallakar gargajiya daidai da ta takarda, ta kuma kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo, waɗanda ke ba da takardar shaidar gado, kyauta, saye, aro ko jingina. Wannan takarda ita ce wasiyyar Adar ta gobe, muddin an rubuta ta da kyau, wato da sunan mai gona da na ubansa da na kakansa, da laƙabin da aka fi sanin kowa da shi, da sunayen ƴaƴa mata, waɗanda su ne aka fi mantawa ranar rabo. Haka ma sarauta: dokar sarakunan gargajiya ta bar takara ga wanda al'ada ta ba haƙƙi, kuma duk lokacin da kujera ta faɗi sai a ga jerin kakanni biyu ko uku suna karo da juna a teburin hukuma, kowanne da shaidunsa.

Ga jaririn da aka haifa yau, dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwa, a gidan likita ko wurin da aka keɓe a ƙauye, daga nan ofishin kwamin ya ba da takarda ba tare da an je gaban alƙali ba. Uban da ke Abijan ko Libiya yana iya wakilta wani. Abin lura guda shi ne a tafi da takardar uban a hannu, a rubuta sunansa harafi da harafi kamar yadda yake cikinta, domin ranar da yaron zai nemi takardar zama ɗan ƙasa don jarrabawa ko fasfo, tasa da ta mahaifinsa za a aza bisa tebur guda, kuma magatakarda ba zai yarda Mahaman ne Mahamadou ba sai an koma gidan shari'a.